Kififiya da Gangar Gayya

Ku matso ku ji abin da ya faru a Ɗorawar Tafki a zamanin Sarki Nomau, tun lokacin da dabba kan buɗe baki ta yi magana in abu ya kai mata wuya.

Garin nan tafki guda gare shi. Daga nan ake sha, nan ake shayar da dabbobi, nan masunta ke samun na tuwo. Mutanen Ɗorawa kuwa, a faɗi gaskiya, ba ragwaye ba ne. Suna son tafkinsu so na haƙiƙa, kuma son nan ne ya kusa kashe shi. Kowace bazara, in ruwa ya ja baya, sai Sarki ya kira gayya a yi abin da suke kira sharar tafki. A yanke ciyawar bakin ruwa ƙarƙaf, a tuge bado, a jawo kututturan da suka faɗa ciki a faskare, a share gaɓa tas kamar tsakar gida ranar suna. Su koma gida suna yabon kansu. Amma shekara na bin shekara, ruwan sai ƙara kore yake yi, yana wari, kifi yana ƙaranci. Su kuwa da sun ga haka sai su ce, "Ai sharar ce ba ta isa ba," baɗi su ƙara ƙaimi.

A shekarar da muke magana, warin ya iso har ƙofar fada. Sarkin Ruwa Jatau, shugaban masunta, ya ce laifin kififiya ne, ita ke cinye kifi a bakin ƙugiya, ita ke yaga taru. Wasu suka ce yashin nan da ya kwanta a gefen arewa ne ke gangarowa yana cike tafkin. Sarki Nomau mutum ne mai zafin nama, ba ya son doguwar shawara. A zama ɗaya ya yanke hukunci biyu: a kwashe yashin nan kakaf a zubar bayan gari, kuma duk wanda ya kama kififiya ya kawo ta fada a yanka.

To, akwai wata tsohuwar kififiya a tafkin, faɗinta ya kai babban faifai. Ta ga zamanin kakan Nomau. Danginta sun ƙare, saura 'yan ƙalilan. Kuma a cikin yashin nan da za a kwashe, a gindin wata giyayya da ke bakin ruwa, ta haƙa rami ta binne ƙwanta ba da daɗewa ba. Ta san jikinta, ta san wannan ne na ƙarshe da za ta saka a duniya.

Ranar gayya da hantsi ta ji ganga ta tashi. Al'adar Ɗorawa ita ce makaɗi ne ke gaba, maza masu fartanya da mata masu kwanduna suna biye. Muddin ganga na tashi ba mai ɗaga kai, kuma ba mai ikon tsayar da ita sai wanda ya kira gayyar. An fara daga mashayar shanu, za a ratsa ta bayan giginyu, sannan a ɓullo gindin giyayya. Kififiya ta leƙo da hancinta ta duba yadda yashi ke tashi. In ba a tsayar da gangar nan ba, kafin azahar an iso kan raminta.

Ba ta da ƙaho, ba ta da dafi, ba ta da ƙafar gudu. Sai ta yi abin da ba a taɓa jin kififiya ta yi ba. Ta fito daga ruwa ta rarrafa har gaban Jatau, ta kwanta.

Jatau ya tafa hannu. "Kai! Yau ga nama ya kawo kansa!" Ya jefa ta a kwando ya nufi fada.

A gaban Sarki aka kwantar da ita rigingine. Jatau ya tsuguna yana wasa wuƙa a kan dutse, fadawa suna gardamar wa zai ɗauki ƙoƙon bayanta. Daga nan inda take tana jin gangar sarai, don fada ba ta da nisa da ruwa.

Sai ta ce, "Allah ya ja zamanin Sarki."

Wuri ya yamutse. Wani bafade ya yi waje ba shiri, wani ya hau salati. Sarki Nomau ko gezau bai yi ba. Ya ce, "A mirgina ta. Ba a yi mini magana ciki a sama." Aka mirgina ta. Ya ce, "Roƙon rai kika zo yi?"

Ta ce, "A'a, ranka ya daɗe. Na tsufa, naman nan ma ko an dafa sai an sha wahalar tauna. Abu ɗaya nake roƙo, ka aika a tsayar da gangar can. Ƙwaina na cikin yashin."

Jatau ya ce, "Ka ji ko, ranka ya daɗe? Ɓarayin baɗi take so a bar mata!"

Sarki ya ce, "In tsayar da gayya? Mutane sun bar aikinsu, an tuƙa tuwo, an dama fura, ni da bakina na kira su. Sannan in tsayar da su don kififiya ta ce? Gobe wa zai amsa kirana? Tafkina nake gyarawa."

Kififiya ta ce, "Na san gyara kake nufi, shi ya sa nake jin tsoro. Ina gudun kada abin da ya sami Yalwa mai kunu ya same ka, wadda ta yi ta tsabtace rijiyarta har ta rasa ta."

Sarki ya ɗan gyara zama. "Wace ce Yalwa? Me ya same ta?"

"A tsayar da gangar tukuna, ranka ya daɗe, sai in faɗa."

"Wayo za ki yi mini? Faɗi labarinki ganga na tashi. In ya shige ni, in tsayar da ita. In bai shige ni ba, ga Jatau ga wuƙa. Kuma ni ba na son labari guntu-guntu, ki kawo shi da kansa da ƙafarsa."

Kififiya ta fara, ta ce:

An yi wata mata a wani gari mai nisa da kogi, sunanta Yalwa, sana'arta kunun zaƙi. Kununta ya yi suna, amma tsabtarta ta fi kunun suna. Mace ce da in ƙuda ya sauka a bakin ƙwarya sai ta zubar da abin da ke ciki ta sake wanki. Da mahaifinta ya rasu ta gaji gidansa, da rijiya a tsakar gidan, mai ruwa garau mai sanyi, wadda duk unguwa ke zuwa roƙon ɗiba.

Wata rana da rana tsaka, sa'ad da haske ke sauka har ƙasan rijiya, guganta ya maƙale, ta leƙa ta gani. Sai ga wani ɗan kai mai tsinin hanci ya ɓullo a kan ruwa yana kallonta. Ta saki igiya ta kurma ihu. "Wayyo ni Yalwa! Ashe da ruwan wankan ƙazama nake dama wa mutane kunu!"

Goggonta Tabawa, ƙanwar mahaifinta, tana zaune a inuwa tana kaɗi. Ta ce, "Ke, rufe mana baki kada maƙwabta su zaci gobara ce. 'Yar kififiya ce. Kakanki ne ya saka ta tun ina budurwa."

Yalwa ta ce, "Don me, Goggo? Don me mutum da hankalinsa zai saka dabba a ruwan sha?"

Goggo ta ce, "Ban tambaye shi ba. Amma tun da na yi wayo ban taɓa jin ruwan nan ya yi wari ba. Ƙadangare kan faɗa ciki, ɓera kan faɗa. Kin taɓa jawo mushensu a guga?"

Yalwa ta toshe kunnuwa. "Goggo, don Allah ki bari, zuciyata tashi take yi. Yau ɗin nan za a fitar da ita."

Goggo ta ajiye mazari ta ce, "'Yar nan, bi a hankali, kada ki yi irin ta Cindo da gawo."

Kififiya na kawowa nan sai ta ji sautin ganga ya sauya, ya yi ƙasa, kamar an rufa masa zane. Ta san abin da wannan ke nufi: makaɗi ya shiga bayan giginyu. Ta yi sauri ta ce, "Goggo ta ba ta labarin, amma Yalwa ba ta ji ba, sai ta aika aka kira..."

Sarki ya ɗaga hannu. "Dakata. Wane ne Cindo?"

"Wani manomi ne, ranka ya daɗe, labarinsa ba shi da..."

"Na ce miki ba na son guntu. Me Goggo ta faɗa wa Yalwa?"

"Ranka ya daɗe, ka ji gangar nan. Don girman Allah."

"Ina jinta. Ke ce ke ɓata wa kanki lokaci."

Jatau ya gwada kaifin wuƙa a farcensa. Kififiya ta ga in ta ƙara musu za ta rasa kunnen Sarki gaba ɗaya, kuma kunnen nan shi kaɗai ya rage mata. Ta ce, to, ga abin da Goggo Tabawa ta faɗa wa Yalwa:

Cindo baƙo ne, ya zo daga ƙasar kurmi, inda itace ba ya rabuwa da ganye sai in ya mutu. Manomi ne na gaske, ba ya iya zama wuri ɗaya. Mai gari ya ba shi aron gona mai kyau, da wani ƙaton gawo a tsakiyarta. Damina ta sauka, kowane itace ya yi kore shar, gawo kuwa ya kakkaɓe ganyensa ya tsaya tsirara, daga rassa sai ƙaya. Kin dai san halin gawo, da damina yake zubar da ganye, da rani ya tofo. Cindo bai sani ba, kuma bai tambaya ba. Ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Mataccen itace a tsakiyar gonata? Sai ka ce gonar rago!" Ya ɗauko gatari.

Maƙwabcinsa na gona ya hango shi ya ɗaga murya, "Cindo, lafiya?"

Ya ce, "Lafiya lau, gyara nake yi."

Maƙwabci ya zaci rassa zai rage, ya koma kan nomansa. Kafin ya sake ɗaga kai gawo ya kai ƙasa.

A shekarar nan gero ya yi kyau a inda gawon yake, Cindo ya yi ta nuna wa mutane yana cewa, "Kun gani?" Bai san guzurin da gawon ya bari ƙasa ke ci ba. Ganyen nan da yake zubarwa da damina shi ne takin gonar. Da rani kuma shanu ke kwanciya a inuwarsa suna cin 'ya'yansa, su tashi su bar kashi. Da guzurin ya ƙare gona ta fara ramewa, zangarniya ta koma kamar yatsa.

Maƙwabci ya ce masa, "Itacen nan da ka sare ne fa."

Cindo ya ce, "Itace ne damuwar? Ai mai sauƙi ne. Zan mayar da itace, wanda ya fi wancan ma." Nan ma bai tsaya ya ji wane iri ba. Ya samo mangwaro ya dasa a gurbin, ya dinga ɗauko masa ruwa a kai duk tsawon rani, bawan Allah, har wuyansa ya kumbura. Mangwaro ya girma ya yi duhu. Damina ta zo, bai zubar da ko ganye ɗaya ba, ya tare rana, geron da ke ƙarƙashinsa ya yi rawaya ya langaɓe. Da kaka kuma tsuntsaye suka sami masauki a cikinsa, daga nan suke sauka su cinye ɗan abin da ya nuna.

Mai gari ya gaji ya karɓe gonarsa. Ranar da Cindo zai tafi ya tsaya a bakin kunya, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Ni dai Allah ya sani, ban taɓa yin lalaci a gonar nan ba."

Maƙwabci ya ce, "Wallahi gaskiyarka, Cindo. Da ka ɗan yi lalaci, da gonar ta tsira."

Goggo Tabawa ta ɗauki mazarinta ta ce, "Kin ji, Yalwa. Ƙarfi bai rasa ba, niyya mai kyau bai rasa ba. Tsayawa ya yi tambaya ne ya gagare shi."

Fadawa suka yi dariyar Cindo. Kififiya ba ta jira dariyar ta lafa ba, ta zarce da labarin Yalwa:

Yalwa ta taɓe baki ta ce, "Goggo, gawo daban, rijiya daban. Wa ya taɓa shan gawo?" Ta aika aka kira masu yasar rijiya. Suka shiga suka fito da 'yar kififiyar nan, aka kai ta bayan gari aka yar a rana. Yalwa ta sa aka kwashe ruwan duka, sabo ya tsattsafo, ta sha ta ce yanzu ta ji daɗi.

Ba a jima ba ruwa ya fara sauya ɗanɗano. Sai 'yan tsutsotsi a cikin tulu. Sai ranar da ta jawo guga ta ga ƙadangare ya kumbura yana yawo a ciki. Kana tsammani ta tuna maganar Goggo? Ina! Cewa ta yi, "Sauran dauɗar dabbar nan ce." Ta sake kiran masu yasa. Wari ya tafi ya dawo, ta sake kiransu. Kowane zuwa sai ta ce a ƙara zurfi, a kankare bango, a yanke jijiyoyin itacen da suka ratso ciki, don ba ta son ganinsu. Babban masu yasa ya ce mata, "Uwar gida, jijiyoyin nan su ke riƙe da bangon." Ta ce, "In ba za ka iya ba in kira wani."

Masu sayen kunu kuwa tuni sun janye jiki ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya faɗa mata dalili. Rannan da safe, mai yasa ya fito ke nan ko igiya bai kwance daga ƙugunsa ba, sai aka ji rugugi. Rijiya ta rufta tun daga baki har ƙasa.

Yalwa ta ɗauki tulu za ta roƙo ruwa a gidan waɗanda da su ke roƙonta. Ta zo wucewa ta gaban Goggo, kanta a sunkuye. Goggo ta ce, "Sannu, 'yar nan. Ga shi kin sami abin da kike nema. Babu ƙazanta ko kaɗan a rijiyarki, babu ruwa ko ɗigo."

Kififiya ta ɗago kai ta dubi Sarki. "Ƙarshensa ke nan, ranka ya daɗe, da kansa da ƙafarsa. Ciyawar da kuke yankewa ita ke riƙe ƙasar gaɓa. Da kuka aske ta, ƙasar ce ke bin ruwan sama tana cike tafki, ba yashi ba. Bado shi ke yi wa ruwa inuwa. Kututturan da kuke faskarawa nan 'ya'yan kifi ke ɓuya, nan muke hawa mu sha hantsi. Mu kuwa, duk abin da ya mutu a ruwan nan mu ke cinye shi kafin ya ruɓe. Mun ragu, mushe ya fi ƙarfinmu. Warinsa kake ji a ƙofar fadarka."

A wannan karon ba wanda ya yi dariya. Jatau ya ce, "To, kifin da kuke sata a ƙugiya fa?"

Ta ce, "Muna ci, Sarkin Ruwa, ban musa ba. Taru ma mun yaga."

Sarki ya juya ya dubi Jatau. "Zamanin mahaifinka, kififiya ta fi ta yanzu yawa?"

"Ta fi, ranka ya daɗe. Har taka su muke yi in mun shiga wanka."

"Kifi fa?"

Jatau ya dubi wuƙarsa, ya dubi ƙasa. Can ya ce, "Sai mun gaji da ɗauka."

Sarki ya shafa gemu. A daidai nan Kififiya ta ji ganga ta fito fili, ƙararta ta dawo tangaran. Makaɗi ya bar giginyu a baya. Abin da ta iya cewa kawai shi ne, "Ranka ya daɗe... ganga."

Sarki ya zabura ya miƙe. Ya daka wa wani dogari tsawa, "Ruga! Ka ce na ce a tsaya!" Dogari ya fita a guje. Sarki bai jira a kawo masa doki ba, ya tattare rigarsa ya bi bayansa, Jatau ya sungumi kwando da Kififiya a ciki yana haki. Suna tsakiyar hanya ganga ta yi tsit.

Suka tarar da jama'a cirko-cirko, maza sun dogara da fartanyu, mata da kwanduna a kai, kowa na tambayar ɗan'uwansa abin da ya faru. Daga mashaya har zuwa nan babu yashi, sai jar ƙasa. Gindin giyayya kuwa an ƙwaƙule shi har jijiya.

Wani ƙaƙƙarfan mutum ya matso yana share gumi, yana murmushin neman yabo. "Ranka ya daɗe, yanzun nan muka tono ramin ƙwan kififiya a nan. Mun gama da su."

Jatau ya sauke kwando a hankali. Kififiya ta fito ta rarrafa zuwa bakin ramin. Ɓawon ƙwai fari fat a warwatse, gwaiduwa ta jiƙa ƙasa, tururuwa har sun fara taruwa. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana shinshinawa. Ba ta yi kuka ba, don kififiya ba ta san yadda ake yi ba, amma duk wanda ke wurin ya ga abin da ya same ta.

Wata mata ta sauke kwandonta ta tona yashin ciki da yatsu. "Ga wasu nan ba su fashe ba!" Sarki da kansa ya karɓa a tafin hannunsa, ya durƙusa. "Ga su, Kififiya. A mayar da su a rufe."

Ta dube su ta ce, "An juya su, ranka ya daɗe. Ƙwanmu in ya kwana biyu a ƙasa aka juya shi, shi ke nan."

Sarki ya daɗe a durƙushe da ƙwai a hannu. Sannan ya tambaye ta a hankali, yadda jama'a ba za su ji ba, "Sa'ad da kika so ki tsallake labarin Cindo na hana ki, ganga tana ina?"

Ta ce, "Tana bayan giginyu."

Ya ajiye ƙwan a cikin ramin, ya tura ƙasa da hannunsa ya rufe. Ya miƙe ya fuskanci jama'a, idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

Ya ce, "Jama'ar Ɗorawa, ni na kira gayyar nan, kuma ɓarna na kira ku ku yi. Laifin nawa ne, ba naku ba. Gayya ba ta watse ba, amma ta juya. Duk kwandon yashin da aka kai bayan gari a dawo da shi. Kututturan da ba a faskara ba a mayar da su ruwa. Daga yau ba mai sa lauje a ciyawar gaɓa, ba mai tuge bado, inda muka aske kuma za mu dasa. A saro ƙaya a kewaye yashin nan saboda karnuka da kofaton shanu. Wanda ya kama kififiya a tarunsa ya sake ta. Kuma ba wanda zai sara fartanya a bakin ruwan nan sai an tambayi masu gidan, mazauna ruwan."

Aka yi ta kallon-kallo. Makaɗi ya ɗaga gula yana jiran izini, Sarki ya girgiza masa kai. Ya juya wurin Kififiya ya ce, "Ba ni da abin da zan biya ki da shi. Ki koma ruwa, ba mai taɓa ki."

Kififiya ba ta nufi ruwa ba. Ta juya ta dubi ɗan yashin da ya rage a gaba, wanda fartanya ba ta kai gare shi ba. Ta ce, "Nawa sun tafi. Amma ba ni kaɗai ke saka ƙwai a nan ba, akwai na 'yan'uwana. In aka saki mutanen nan da kwanduna ba su san inda suke ba, da ƙafa za su ƙarasa abin da fartanya ta bari."

Sarki ya taka ya shiga yashin. "Ina suke? Nuna mini."

Ta ce, "Tsaya! Kada ka sauke ƙafar nan."

Sarki Nomau ya ƙame da ƙafa ɗaya a sama, a gaban talakawansa duka, kuma ba wanda ya yi ko murmushi. Ya ja da baya sannu a hankali, ya tuɓe takalmansa ya miƙa wa Jatau.

Ya ce, "Na ji, Kififiya. Wuce gaba, muna bayanki."